Ɗigo Ɗaya a Kowane Kamu

Zuwa ga Alhaji Shugaban masu sayar da yadi na kasuwarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan sana'a. Allah ya ƙara girma.

Ni teliya ce daga Madadi. Sana'ata ɗinkin abin rufa na faci: in yanka yadi ƙanana-ƙanana, in harhaɗa, in sa auduga a tsakiya. Kafin azumin bana na shigo Kabo neman shuɗin yadi, wani ɗan ƙungiyarku ya sauko mini da bandir, ya ce rinin hannu ne daga ƙasar Sin, wai matan ƙauye ke rina shi da baba kamar yadda ake yi a karofi. Har hotonsu ya nuna mini a waya. Na sayi yadi goma sha biyu. Yanzu zuciyata ta ƙi kwanciya, ga dalilaina.

Na ɗaya, ni jikar marina ce. Na san baba yana da wari, yana kuma kama hannu. Wannan na murje shi, na jiƙa, na shinshina, ko alama babu.

Na biyu, rini yana ratsa yadi gaba da baya. Wannan fuskarsa shuɗiya shar, bayansa kuwa fari-fari.

Na uku shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mai ɗinkin faci tana kallon yadi taƙi-taƙi, abin da mai ɗinka riga ba ya yi. Ina cikin yanka na ga wani ɗan ɗigo ya kauce daga jerin furen da aka zana a jikin yadin. Na ji daɗi, na ce ga shaidar hannun mutum. Da na ƙara kamu ɗaya sai ga shi kuma, a gurbinsa, da girmansa. Haka har ƙarshen yadin. Alhaji, wace mata ce hannunta zai yi kuskure iri ɗaya sau ashirin? Sannan me ya sa aka datse gefen bandir ɗin, daidai inda kamfani ke buga sunansa?

Na san an ce zato zunubi ne, kuma wataƙila shi ma mai yadin haka aka gaya masa. Amma biri ya yi kama da mutum.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne na riga na ɗinka abin rufa ɗaya da yadin na kai wa wata Hajiya a Getso, wadda ta saya wa mahaifinta, tsohon marini. Da bakina na ce mata rinin hannu ne. Shekara goma sha biyar tana sayen ɗinkina ba ta taɓa juya shi ta duba baya ba.

Roƙona shi ne ka kira mu ni da mai yadin gaban dattawan kasuwa, ya zo da sauran bandir ɗin da takardar inda ya saro, a kuma kira marini ya duba. In na yi masa ƙazafi, zan nemi gafararsa a bainar jama'a. In kuwa bugun inji ne, a umarce shi ya riƙa faɗin haka, ya bar mai saye ya zaɓa.

Ina roƙo a yi kafin Juma'a, don ranar zan je Getso, kuma ba na so tsohon marinin nan ya riga ni faɗa wa Hajiya.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Mai ɗinkin faci,
Madadi.