Harshen Wuta Ta Bar Jikin Katanga

Zuwa ga Goggona,

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ki cikin sauƙi. Yaya ƙafar? Allah ya sa maganin can ya karɓe ki, ya kuma saka wa ɗanki da yake ɗawainiya da ke. Mu nan lafiya lau. Baba yana nan da rediyonsa, har yanzu gardama yake da masu labarai kamar suna jin sa. 'Yar Yaya kuwa ta fara tafiya, komai ta gani sai ta kai baki, har takalmina ba ta bari ba.

Goggo, da kika kira kika tambaye ni shukarki, na ce tana nan lafiya. Ban faɗa miki duka ba, shi ya sa na zauna rubutu, ko da yake kin san ni da biro ba ma shiri. Shukar nan mai yaɗo da kika haƙo a bakin rafi, wadda kike ce wa Harshen Wuta, bana ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Bakin kowane ganye ya lanƙwashe kamar ɗan yatsa ya kama igiya, ta haye har saman tagarki, furen ja da rawaya duk sun juya baya. Na bi abin da kika koya mini, ban cika mata ruwa ba, ban sa mata taki ba.

Sai ranar nan matar Yaya ta tsinci yarinyar da kwanson shukar a hannu, ta fara gatsa. Muka ruga wurin maƙwabciyarmu mai aikin asibiti. Allah ya tsare, yarinyar ba ta haɗiye ba, amma maƙwabciyar ta ce shukar nan dafi ce tun daga saiwa har fure. Yaya bai yi faɗa ba. Cewa ya yi kawai in zaɓa, ko ni in cire ta ko shi ya sa fartanya.

Ni na cire ta, Goggo, tana tsakiyar fure, ban jira na tambaye ki ba. Da hannu na tona don kada in ji mata ciwo, duk da haka saiwar ta karye biyu a tafina. Na kai ta bayan shagon waldar da nake aiki, na dasa a rabin duro, na haɗa mata rodi ta hau. Maigidana mai shagon yana ta yi mini tsiya wai na yi amarya. Ganyen duk ya yi yaushi. Ban sani ba ko barcinta na rani ta shiga da wuri, ko tafiya ce ba dawowa. Ki gaya mini ko in ba ta ruwa ko in ƙyale ta.

Na san kin ce da kin warke a gindinta za ki shimfiɗa tabarma. Ko ta tsiro, ba zan mayar da ita gidan ba. Abin da bakina ya kasa faɗa a waya ke nan. Ki yafe mini.

Baba da Yaya da matarsa suna gaishe ki. Ki gaida ɗanki da maiɗakinsa da yara.

Naki,
Autan ɗan'uwanki