Motar da Ka Ba Taurari Biyar

Rafha, 9 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Mishari,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hessa da yara. Yaya ƙafar Hessa, ta daina kumburi? Mu nan sai godiya, an yi ruwa sau biyu, ciyawa ta fito.

To, maigidana Mutlak ya sayi motar. Ka san wata biyu ya yi yana kai-komo tsakanin manyan a-kori-kura biyu, fara da ruwan ƙasa. Abu Dahham bakanike, wanda ya tsufa a ƙarƙashin motocin makiyaya, ya ce ya ɗauki ruwan ƙasar, mummuna ce amma tana jure yashi. Ana cikin haka mujallarku ta motoci ta iso. Ga hotonka ka jingina da farar kana murmushi, ka ba ta taurari biyar, ɗayar kuma biyu, wai kujerunta kamar bencin makaranta. Sau uku Mutlak ya karanta wa maza a zaure. Abu Dahham ya ce, "To, a ɗora wa takardar tankin ruwa mu gani." Mutlak ya ce, "Kai dai tsufa ke damunka. Ƙanen matata ne ya rubuta, a cikin yashin nan aka haife shi."

Ni na goye ka, saboda haka zan tambaye ka abin da shi kunya ba za ta bar shi ya tambaya ba. Da ka gwada ta, ka ɗora mata kaya? Tumakin da Baba ya bar mana, ɗari da ashirin, har da rabonka a ciki, suna can tafiyar awa uku cikin rairayi. In zafi ya shigo, ba su da wani ruwa sai wanda motar nan ta kai musu. Ka faɗa mini gaskiya, ba za ta wuce tsakaninmu ba.

Ka gaida kowa.

Yayarka,
Wadha

Rafha, 14 ga Yuli

Mishari,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na ga amsarka, layi huɗu bayan wata uku. Ka ce in kwantar da hankalina, ƙwararru ne suka yi gwajin. Ban tambaye ka ƙwararru ba, kai na tambaya.

Na zauna na karanta rubutun naka da kaina, a hankali, da yatsa a kan layi. Kwana huɗu kuka yi da motar, a kan kwalta, daga birni zuwa wani otal a bakin teku. Ka yabi sanyin cikinta, ka yabi rediyo, har wurin ajiye kofin shayi ka yaba. Ban ga inda ka ambaci yashi ba. Da na juya bangon baya kuma, sai ga tallar farar motar ta cinye shafin gaba ɗaya. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma idona yana gani.

Sau biyu ke nan motar tana tsaya wa Mutlak a hanya. Da tanki cike, in ta yi awa guda tana haƙa yashi, giyar sai ta ɗauki zafi ta ƙi shiga, dole ya zauna a rana ya jira ta huce. Abu Dahham ya ce irinta huɗu aka jawo masa bana. Har ya samo wanda zai yi musaya da mu, Mutlak ya ƙi. Da na matsa masa, ya ce, "Haba Wadha, in na rabu da ita, ai na tsaya gaban mutane na ce ƙanenki maƙaryaci ne. Ba da ni ba."

Ka ga inda muke. Mutumin nan yana tsare maka mutunci da tumakinmu. Ba na cewa ka gyara a mujalla, na san can ne abincinka. Layi ɗaya ka rubuto masa, ka ce motar ba ta dace da aikinsa ba. Daga bakinka kawai zai karɓa. Don Allah, Mishari, zafin bana ba na wasa ba ne, kuma tsoro nake ji.

Yayarka,
Wadha

Rafha, 22 ga Agusta

Mishari,

Ina fatan ka isa gida lafiya. Mutlak ya fara cin abinci, likita ya ce ƙodarsa za ta warware.

Ranar da ka zo jaje ban iya yi maka magana ba saboda mutane, kuma na lura ba ka tambayi yadda abin ya faru ba. To, bari in faɗa maka. Giyar ta mutu ɗungurungum a tsakiyar hanya. Mutlak ya taka da ƙafa har ya faɗi, wani mai raƙuma ya tsince shi. Kwana biyu bai san inda kansa yake ba, ni kuma ina gida ina zaton yana wurin garke kamar yadda ya saba. Makiyayinmu har ruwan shansa ya zuba wa tumakin. Kafin Abu Dahham ya isa da tanki a rana ta uku, saba'in da huɗu sun mutu, yawancinsu masu ciki.

Ka zauna a zaure ka sha gahawa, ka ce ƙaddara ce, kowace mota tana iya lalacewa. Mutlak, yana kwance ko murya ba shi da ita, ya ce, "Kada ka damu, ɗan'uwa, ni ne na cika mata kaya." Kai kuma ka gyaɗa kai.

Na yi mamaki da ka ajiye motarka can bayan masallaci, ga fili a ƙofar gida. Da na kai wa yaranka dabino don in sa a ciki, sai na gane dalili. Ruwan ƙasar ce, mai taurari biyu, mai kujeru kamar benci. Na tsaya na karanta takardar da ke manne a gilashinta. Sunanka ne a kai, kuma a watan Fabrairu ka saye ta, wata guda kafin mujallar ta fito. Ashe da za ka zuba naka 'ya'yan a mota, ba ka bi abin da ka rubuta ba.

Ban gaya wa Mutlak ba. Har yau mujallar tana ƙarƙashin matashinsa, ba ni da ƙarfin halin cire ta. Wannan aikinka ne, in ka isa.

Ka ce in sayar da rabonka na tumakin Baba mu rage asara. Ka riƙe kyautarka. Na je na duba da kaina, rabonka yana cikin saba'in da huɗun.

Ka gaida Hessa da yara, su ba su yi mini komai ba.

Wadha, matar Mutlak