Akwatin da Ke Gaida Mama

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan wasiƙar nan za ta same ka lafiya, kai da jirgin ruwanku da bai san hanyar gida ba. Ya aiki, ya zama cikin injuna? Mu nan lafiya ƙalau, sai kewarka. Na san ba za ka ga saƙon nan ba sai kun matso gaɓa kun sami sabis, shi ya sa zan zuba maka komai lokaci guda.

Zancen Mama ne, amma kada hankalinka ya tashi, tana nan da bakinta. Likita ya ce hawan jininta ya ƙi sauka, ya mai da maganinta sau uku a rana. Na safe ba shi da matsala, ka san dalili. Akwatin Baba yana nan a kan kantar kicin inda ya kafa shi, kuma kullum da safe sai ya yi ɗan tarin nan nasa na lantarki ya ce, "Ina kwana, uwar yara. Sha maganinki." Ita kuma ta ce, "Lafiya lau. Na ji." Ta miƙa hannu ta sha. Tun rasuwarsa ba ta tsallake ko sau ɗaya ba.

Na rana da na yamma ne fitina. Ina makaranta ina fama da 'yan aji da lissafi, in dawo in tarar da ƙwayoyin a cikin faranti suna kallona. In yi magana ta ce ta manta, in ƙara magana ta ce ita ta haife ni. Na ɗauki muryar Baba daga akwatin a wayar hannu na kunna mata da rana, ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Kashe. Ba na son a riƙa yawo da shi a aljihu."

To ni dai na ce abin ai mai sauƙi ne, a ƙara wa akwatin lokuta biyu. Na kwance murfin, na ga 'yar baƙar ƙwaƙwalwar nan mai ƙafafu da Baba ke kira aisi, ga rubutunsa a kan salatif: "Ta cika." Tsohuwar kwamfutarsa kuma ta mutu murus, duk abin da ya rubuta ya tafi da ita. Wani mai gyara a layin kasuwa ya ce in kawo ya goge aisin ya zuba sabon umarni, aikin shan ruwa ne. Na ce sai na tambayi yayana.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na sami wasiƙarki, na kuma gode Allah da jin kuna lafiya. Ki gaida Mama da kyau, ki ce mata ɗakin injin ya fi kicin ɗinta zafi.

Kada ki kai akwatin wurin kowa. Idan aka goge aisin, muryar aka goge. Ba a wani kati take ba, Baba a cikin ma'adanar umarnin aisin ya cusa ta, ita ce ma ta cinye wurin.

Ina nan lokacin da ya haɗa shi, a hutuna na ƙarshe kafin ya kwanta ciwo. Ke kina wurin karatu. Bayan ya rufe shagon gyaran rediyo ne ya kamu da son ƙananan allunan lantarkin nan, ya mai da ɗakin baya wurin wasansa. Maganar da ya ɗauka da farko doguwa ce. Cewa ya yi, "Sha maganinki, kada ki bari in yi magana biyu." Aisin ta ƙi ɗauka. Ya yini yana yanke kalma yana gwadawa, yana faɗa da ita kamar da yaron shago. Idan kika kasa kunne za ki ji ɗan guntun "ka" a ƙarshe, ragowar abin da ya yanke ne. Mama ta leƙo ta ce injin ya fi shi hankali, tunda ya san inda ake yin shiru.

Akwai wata matsalar. Ƙafafun aisin sun ƙare masa, sai ya ɗauki ƙafar da ake bi a shiga cikinta ya ba lasifika. Na ce masa ya rufe ƙofa ke nan ya jefar da makulli. Ya ce me zai koma yi a ciki? Saboda haka ko kwafe muryar daga cikin aisin ba za mu iya ba da kayan da muke da su.

Amma akwai hanya. Aisin ba ta san lokaci da kanta ba. Wani ɗan allon agogo ne a gefenta mai batir kamar maɓallin riga, tana tambayarsa ta wayoyi biyu, yana ba ta amsa. Idan ya ce safiya ta yi, sai ta yi magana. Ki sayi sabon allo, ki cire agogon ki ba shi, shi kuma ki ɗora shi a kan wayoyin nan biyu. Sabon zai riƙe lokutan magani. Duk sanda lokaci ya yi, sai ya ce wa tsohuwar safiya ce. Na zana miki yadda za ki haɗa, umarnin sabon allon kuma yana haɗe da wasiƙar nan.

Hannunki ya fi nawa natsuwa da ƙarfen narka dalma, Baba ma ya sha faɗa. Kada dai ki daɗe da zafi a kusa da ita, ta tsufa.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya. Ni dai ba na lafiya, kuma kai ka jawo mini.

Wato ƙarya za mu yi wa Baba, mu ce masa gari ya waye da tsakar rana? Na yi dariya da na karanta, har Mama ta tambaye ni ko aure ka ce za ka yi. Yanzu kam dariyar ta ƙare.

Ranar hutu na buɗe ɗakin baya. Yaya, ƙamshin dalma yana nan, kamar yanzu ya tashi. Tabaransa mai ƙafa ɗaya na kan tebur, gwangwanayen madara cike da ƙusoshi, kowanne da sunansa a jiki, da kujerar nan da ke ƙara in an jingina. Na tuna yadda yake zaunar da mu mu riƙe masa tocila, kai kana haska inda ya ce, ni ina haska fuskarsa, ya ce, "Auta, ba hancina ne ya lalace ba." Sai da na sha kukana na ƙoshi kafin na kunna ƙarfen.

Na bi zanenka tiryan-tiryan. Na cire agogo, na ba sabon allo, na sa masa cajarsa daban, na haɗa wayoyi biyun. Fitilar sabon ta kama. Na mai da akwatin kan kantar kicin ina jin kaina injiniya.

Da safe Mama ta zauna a kujerarta da kofin ruwa a hannu. Shiru. Ta gyara zama. Shiru. Ni ina tsaye a bakin ƙofa kamar wadda aka dasa. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Yau ya makara." Ta ajiye kofin ta koma ɗaki. Ko na safen ba ta sha ba sai da na durƙusa ina roƙo.

Haka muke tun ranar. Kullum sai ta fito ta zauna ta jira, sannan ta tashi. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma wallahi gara ta yi. Jiya na kai ta awo, jinin ya ƙara hawa. Na auna da mitar Baba, wuta na shiga tsohuwar aisin, amma ban san ko da rai a cikinta ba. Na so in mai da komai yadda yake, na ɗauki ƙarfen, sai na fasa, na ajiye. Idan ni na ƙona ta, da wane ido zan kalli Mama?

Ka amsa da zarar ka ga wannan, don Allah.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Yanzu muka shigo tasha na ga wasiƙarki, a tsaye nake rubuta amsa.

Ki kwantar da hankalinki. Ina kyautata zaton ba ki ƙona komai ba. Kin ce kin sa wa sabon allon caja daban. A zanena na ɗauka wuta ɗaya za su sha, shi ya sa ban zana waya ta uku ba. Laifin zanen ne.

Allo biyu ba sa jin maganar juna sai an haɗa ƙasansu, wato ƙafar nagetif ta wannan da ta wancan. In ba haka ba, sabon yana ta faɗin lokaci, tsohuwar tana jin hayaniya kawai, safiyarta ba za ta taɓa yi ba. Ba sai kin kusanci aisin da zafi ba. Ki duba inda baƙar wayar wuta ta shiga akwatin, akwai 'yar ƙusa mai murɗawa a wurin. Ki kwance ta, ki ɗaura waya, ki kai ɗaya bakin ga nagetif na sabon. Sukudireba kaɗai kike buƙata.

Baba ya taɓa yin wannan kuskuren da fitilun ƙofar gida. Ya kwance komai ya sake haɗawa, ya zargi mai sayar da kaya, ya zarge ni, ya zargi kyanwa. Da ya gano, sai ya miƙe ya ce dama yana gwada mu ne. Tun da na karanta wasiƙarki muryarsa ke yawo a kaina. Ina kewarsa, Auta, fiye da yadda nake faɗa muku.

Ki sanar da ni. Za mu yi 'yan kwanaki a nan ana sauke kaya.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya yi magana!

Na ɗaura wayar da yamma, ina cikin ɗaure ƙusar ke nan sai na ji ɗan tarin nan, sannan, "Ina kwana, uwar yara." Sukudireban ya faɗi daga hannuna. Mama ta fito daga ɗaki ba ko takalmi, rana na shirin faɗuwa, ta ce, "Lafiya lau. Na ji." Ta sha magani, ta zauna ta rufe fuska da gefen mayafi. Ni ma na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, muka yi abin da za mu yi.

Washegari ya gaishe ta da safe, ya gaishe ta da rana, ya gaishe ta da yamma. Faranti fes. Na riƙa tafiya makaranta ina taƙama, har na fara tsara yadda zan yi maka gori.

Amma na lura da wani abu. Da safe tana amsawa. Da rana, ranar da nake gida, na ga ta sha maganin ba ta ce komai ba. Shekaranjiya kuma da safen ma ba ta amsa ba. Ta sha kawai, kamar yadda ake yi in ƙararrawa ta kaɗa.

Jiya ta kira ni ta ce in zauna. Ta ce, "Auta, na san abin da kuka yi ke da yayanki, kuma Allah ya yi muku albarka. Amma ku mai da shi yadda yake."

Na ce, "Mama, ai don maganin ne."

Ta ce, "Na sani. Mahaifinku sau ɗaya yake ce mini ina kwana, tun ina amarya. Da ita nake kwanciya, ina jiran gari ya waye. Yanzu kun sa shi yana ta maimaitawa kamar wanda ya ruɗe, har na fara jin ƙarfe ne ke magana. Ku bar mini shi da safiyarsa."

Na ce to na rana da na yamma fa? Ta ce, "Shi ya yi nasa. In akwai mai son in sha magani da rana, ya faɗa da bakinsa, ai ina da masu rai."

Ka ji. Na gyara umarnin, yanzu sabon allon gaskiya yake gaya wa Baba, kuma yau da safe ta amsa masa. Na sayo ƙaramar lasifika, sabon yana da wuri har ya yi yawa. Ni ta gaji da jin muryata, kullum a kunnenta nake. Saura kai. Ka ɗauko 'yar magana ka turo kafin ku tashi, kuma ban da dogon bayani irin naka.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa gare ki da Mama. Mama ta fi mu gaskiya.

Na shiga ɗakina na rufe ƙofa na ɗauka. "Mama, rana ta yi. Ga maganinki." Tana haɗe da wasiƙar nan.

Ban taɓa zama na saurari muryata ba sai yau. Da na kunna, sai da na waiga bayana. Na sake ɗauka, na siranta murya, na yi sauri, na yi a hankali, duk ɗaya ne. Baba nake ji.

Ki fara saurara ke kaɗai. In kin ga za ta iya ɗauka, ki sa mata. In kin ga ba za ta iya ba, ki gaya mata na gwada.

Da safe za mu tashi. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki