Ruwan da Ya Zo Gidanmu Kaɗai

Kusfa, Zariya
3 ga Afrilu

Zuwa ga maigidana, Abban Fiddausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Gembu? Mu nan zafi ya sa mu gaba. Inna tana gaishe ka, ƙafarta da sauƙi.

Na rubuto ne saboda wayarka ba ta shiga sai ka hau tudu, in ta shiga kuma yara sun zagaye ni. Lado direba zai miƙa maka wannan.

Makarantar su Fiddausi ta shiga gasar ƙere-ƙere ta 'yan sakandare. Ita da ƙawarta Batul sun haɗa wata 'yar na'ura kamar gwangwanin madara, sun ɗaure ta a wuyan famfon tsakar gida. Da ruwa ya taso za ta yi ƙara, ta kuma tura saƙo wayoyin gidaje goma na layinmu cewa ruwa ya zo. Ka san yadda muke gadin famfo, mace ta ƙi zuwa biki don kada ya zo ba ta nan. Sun gwada da buta, ta yi aiki sarai.

Sai dai masu gasar sun ce a aiko da bidiyo kafin Alhamis, a ga tana aiki da ruwan famfo na gaske, ba na buta ba. Wanda ya tsallake zai je Kaduna. Yau kwana tara ke nan ko ɗigo babu.

Abban Fiddausi, yarinyar nan ba ta zama. Ta ɗauki loma ta ajiye, ta je ta kara kunne a bututu. Ta dawo daga makaranta ko hijabi ba ta cirewa sai ta murɗa famfo. Ni ma ta shafa min. Jiya na ƙona miya sau biyu. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Adama

Kusfa, Zariya
11 ga Afrilu

Abban Fiddausi,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka lafiya. Mu ma lafiya, in dai ta jiki ce.

Na faɗa maka a waya an zaɓi su Fiddausi zuwa Kaduna, ka yi ta hamdala, na kasa amsa maka da kyau. Ga dalilin.

Ranar Laraba da la'asar na iske Fiddausi zaune gaban famfo, wayar a cinyarta, hawaye na zuba ba ta ko sharewa. Na sa mayafi na shiga maƙwabta, gidan Hajiya Huseina. Ka tuna bututunmu da nasu layi ɗaya ne, in an buɗe makullin da ke ƙasan tankinta ruwa na gangarowa wajenmu. Hajiya tana salla. Na zagaya baya na buɗe shi da hannuna. Ta katanga na ji ƙarar na'urar, na ji Fiddausi tana ihu tana kiran Batul. Na ƙirga kamar minti huɗu na rufe, na dawo na taya su murna. Kafin magariba sun tura bidiyon.

Abin da ban yi tunani ba shi ne saƙon. Ya shiga gidaje goma. Mata suka fito da bokitai da robobi, kowa ta murɗa famfonta ba komai. Yanzu a layi ana kiran abin "ƙararrawar ƙarya", har wasu sun ce a cire lambarsu.

Fiddausi ta ɗauka ita ta yi kuskure. Ta kwance na'urar sau uku. Ta ari taswirar bututun unguwa wajen wani mai gyaran famfo, tana bi gida gida tana tambaya ƙarfe nawa suka duba. Shekaranjiya ta ce min, "Umma, ta yaya ruwa zai tsallake gida tara ya zo namu? In alƙalai suka tambaye ni me zan ce?" Na ce mata ikon Allah ne. Ka ji abin da na jingina wa Allah.

Na shiga ɗaki na fito, na ɗauki tsintsiya na ajiye. In na faɗa mata, na san halinta, halinka ne, ba za ta je Kaduna da wannan bidiyon ba. In na yi shiru, za ta tsaya gaban mutane ta kare abin da ba ta san ƙarya ba ne. Saura kwana shida. Kada ka kira ka yi min faɗa a gabansu. Ka rubuto.

Taka,
Adama

Kusfa, Zariya
24 ga Afrilu

Abban Fiddausi,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya jikin naka? Lado ya ce ka yi mura, Allah ya ƙara sauƙi. Takardarka ta iso, na gode da ba ka tsawaita ba. Amma kafin ta zo na riga na faɗa wa Fiddausi gaskiya.

Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Kin ga ina kwance ta sau uku, Umma." Shi ke nan. Washegari ta gaya wa malamarsu, Malama Radiya, suka sanar da masu gasar. An cire sunansu. Sun ce ƙa'ida ce, amma ba a hana su shiga baɗi ba.

Batul ce ta fi ba ni tausayi, ba ta ci ba ba ta sha ba. Har an ɗinka mata sabon hijabi na tafiyar. Na je gidansu a Ƙofar Gayan na ba uwarta haƙuri, ta karɓe ni a tsaye. Na je makaranta na faɗa wa shugabar a gaban yaran cewa aikina ne, ba su da masaniya. Daga nan na bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya, na fara da Hajiya Huseina, na ce na'urar ba ta yi ƙarya ba, ruwa ta ji ta faɗa, ni ce na kawo ruwan. Gida bakwai sun ce a mayar da lambarsu.

Fiddausi ta koma cin abinci a ɗakin Inna. Tana gaishe ni da safe kamar yadda ake gaida baƙuwa. Kwana tara muna haka, na rasa inda zan sa kaina.

Jiya Juma'a da hantsi ina tsintar shinkafa, sai ga ta da mataji da man kitso. Ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna ta juya min baya. Na fara tsaga. Har muka yi rabin kai. Can ta ce, "Umma, kina ja da yawa." Na sassauta. Da na gama ba ta tashi ba, ta jingina kanta a gwiwata, muka zauna har aka kira salla.

Ka zo hutun nan ko na kwana uku ne. Yara suna gaishe ka.

Taka har kullum,
Adama