Gawar Audu Bagobiri Tana Jiran Sa Hannunka

Zuwa ga mai girma shugaban ofishin da aka ce an buɗe shi a Jidda domin kula da 'yan ƙasarmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan kana lafiya, kai da iyali da na'urar sanyaya ɗakin da ke ofishinka.

Ni ne Alhaji Mamman mai wankan gawa, mazaunin Karantina. Ban yi boko ba. Maƙwabcina Isa tela ne ke rubuta wannan, na kuma gargaɗe shi kada ya tausasa mini ko kalma ɗaya. Na ce a manna ta a ƙofar masallacinmu, tunda sau da yawa na zo ganinka ana ce mini kana taro.

Maganar Audu Bagobiri ce, mai sayar da goro a Bab Makka. Ya rasu a asibiti tun kafin azumi. An yi azumi, an yi Salla, yana nan kwance a tallaja, firijin da suke ajiye gawa. Hukumar ƙasar nan ta ce ba za ta ba da shi a binne ba sai ofishin ƙasarsa ya sa hannu cewa nasu ne. Ban ga laifinsu ba, dokarsu ce a gidansu. Da kai nake.

Na farko. Ma'aikacinka ya tambaye ni lambar fasfon Audu. Ranka ya daɗe, da ƙafa muka zo, muna yara, a bayan iyayenmu. Mun yi noman auduga a Sudan har muka sami na jirgin ruwa, muka hau a Sawakin, mahaifiyar Audu ta rasu a teku aka sauke ta cikin ruwa. Ita ba ta jira kowa ba. A lokacin ƙasar da kake wa aiki ko tuta ba ta da ita, balle lamba. Ma'aikacin ya danna kwamfuta, ya juyo mini da fuskarta, ya ce in duba da kaina, babu Audu a ciki. Na ce ai na san ba ya ciki, yana asibiti.

Na biyu, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Na ce a tura mutum ya buɗe fuskarsa ya ga zanen Gobirawa daga bakinsa har kunne. A da, wanda ya riƙe kujerar nan kafin kai har mota yakan turo mini idan alhaji ya faɗi ba takarda a jikinsa, in duba fuska in ce wannan ku nemi mutanen wuri kaza, a binne shi kafin la'asar. Yanzu an ce mini zane ba shaida ba ne, domin Gobirawa suna nan a ƙasarmu, suna kuma can a maƙwabciya. Da na faɗi sunan ƙauyensu sai aka ce yana bakin iyaka, in tafi ofishin waccan ƙasar. Na tafi. Suka duba tasu kwamfutar, suka ce in dawo wurinku. Gidan su Audu da gonarsu da rijiyar da suke ɗiban ruwa duk a wuri ɗaya suke. Idan daga baya an ja layi a tsakaninsu, ba a shawarci Audu ba, yana nan yana ƙirga goro.

Na uku. An ce in kawo ɗan'uwansa na jini. Matarsa ta riga shi, ba su haihu ba. Sai aka ce to shaidu biyu masu iƙama mai rai, wato takardar izinin zama. Waɗanda suka san shi tun daga gida, ni na wanke su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rage, Garba makaho, takardarsa ta mutu tun ranar da kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, ya mutu, ko bakin titi ba ya fitowa. Ni kaɗai ne, kuma an ce na'urar ba ta karɓar shaida ɗaya, ba ta wucewa gaba sai an cike gurbi biyu. Ban taɓa ganin ma'aikaci mai biyayya ga shugabansa kamar yadda mutanenka ke bin akwatin nan ba. Idan ita ce ke yanke hukunci, a ba ta kujerarka da motarka, mu san wanda za mu riƙa gaisarwa.

Ban san shekarar da aka haifi Audu ba, shi ma bai sani ba. Abin da na sani, duk jirgin alhazan da ya sauka sai ya raba wa tsofaffin ciki goro kyauta, yana tambayar su ko an yi ruwa a gida. Bai taɓa cewa shi Balarabe ba ne. Likkafaninsa kuwa ya saya da hannunsa, ya tsoma shi a zamzam, ya ba ni ajiya, ya ce, "Mamman, kada ka bari in kwana a waje." Yana nan naɗe a ƙarƙashin matashina. Ni ne ke kwana a kansa.

Buƙatata ba ta da yawa. Ka sa hannu da alƙalami, irin yadda ake yi kafin a kawo akwatin. Idan kana tsoron a tuhume ka, rubuta cewa Mamman ne ya rantse, zan dangwala babban yatsana a ƙasa, laifin ya hau kaina. Sannan tunda ni ma da ƙafa na zo, kuma ba ni da sauran wanda zai shaide ni, ka sa a dube ni yanzu da raina a shigar da ni cikin na'urar, kada Isa tela ya sha irin wannan yawo.

Ranar Asabar da safe zan zo da likkafanin da tabarmata, in zauna a bakin ƙofarka. Kalmar bukra, wato gobe, da kuka koya wurin Larabawa na ji ta ta ishe ni. Mai gadi ba zai iya ɗaga ni ba sai ya nemi taimako.

Allah ya ƙara maka girma, ya kare ka daga sharrin masu sharri. Idan taka ranar ta zo, bayan tsawon rai, Allah ya sa a wanke ka a binne ka kafin rana ta faɗi, ba tare da an tambayi lambarka ba.

Wassalam.

Alhaji Mamman mai wankan gawa,
Karantina, Jidda.