Mijina Ya Bar Maganinsa Ya Koma Shan Kwaɗo

Doña Herminia, uwata mai ba da shawara, ki taimake ni.

Mijina Wilmer yana tuƙa adaidaita, ranar Asabar kuma yana waƙa a gidajen biki. Muryarsa na fara so kafin in san fuskarsa. Yana da asma tun yana yaro. Likita ya ba shi abin shaƙa biyu: shuɗi na lokacin da ƙirji ya kama, da mai ruwan ƙasa na safe da yamma.

Tun da yayyafin Yuli ya sauka yake fita da sassafe, ya dawo yana goge baki. Ni da littattafan soyayya suka cika min kai, na ɗauka wata mace yake nema, har na raɗa wa matar suna, na yi mata dogon gashi. Jiya na bi shi kasuwa. Doña, kwaɗo ne! A gabana wata mai sayarwa ta feɗe shi, ta jefa a injin markaɗe da zuma da wata saiwa da ake kira maca, mijina ya ɗaga kofi ya shanye. Na koma gida na duba mai ruwan ƙasan, wata biyu bai taɓa shi ba. Da na tambaye shi, wai yana dusashe masa murya, shi ya sa ya koma kwaɗo, wai kuma ni ce na taɓa tsokanarsa cewa ya koma kukan agwagwa. Wasa fa nake! Yanzu kullum sai ya shaƙi shuɗin sau huɗu. Ni na jawo?

Mai Kuka, unguwar Comas

'Yata,

Share hawayenki. Wilmer bai yi ƙarya ba, maganin kan dusashe murya, kuma mawaƙi yana da dalilin tsorata. Amma ya yi ganganci. Mai ruwan ƙasan shi ke kwantar da kumburin hanyoyin numfashi a hankali, dole a shaƙe shi kullum ko ana jin garau. Shuɗin buɗe ƙirji kawai yake na ɗan lokaci, kuma sau huɗu a rana alama ce ciwon na ƙaruwa. Kwaɗo ba ya maganin asma, ɗanyensa ma cuta yake iya kawowa.

Ku je asibiti a makon nan, ya faɗi gaskiya. Kurkure baki bayan shaƙa yana taimakawa, akwai kuma bututun da ake haɗawa da maganin. In numfashi ya hana shi gama magana, ku tafi nan take.

Ke kuma, ba shi haƙuri tun kafin ku fita, kada ki jira ya fara. Allah ya ba shi lafiya.