Kada a sauya wa Hajara hanya ba a gaya mata ba

Hajara ta kawo mini abinci ita kaɗai! Jikata ce, shekararta bakwai, da makanta aka haife ta. Ranar Talata ta fito daga gida da langa a ka, ba mai riƙe da hannunta, har rumfar da nake gyaran keke a ƙarshen layi. Na ajiye sifana na yi kuka a gaban jama'a.

Zuwa ga mai girma ɗan kwangilar da aka ba aikin kwata a layinmu na Unguwar Shanu. Assalamu alaikum. A gafarce ni, murna ce ta sa labari ya riga gaisuwa. Ina fata kana lafiya tare da iyali. Sau biyu na je ofishinka aka ce ka fita, shi ya sa na biyo ta jarida. Da furfurata na koyi rubutu a ajin yamma, a yi haƙuri da abin da ya karkace.

Na farko, ga yadda take tafiya. Daga zaure yatsunta na bin bangon dama har ya ƙare. Sai taku goma sha ɗaya babu abin taɓawa, ƙarar injin niƙa ce jagorarta, a kunnen hagu. Sai katakon da ke kan kwata, ta san amonsa a ƙarƙashin silifas. Sai sanyin inuwar darbejiya, sai warin man keke. Wata takwas ni da uwarta muna bi da ita kafin hanyar ta zauna mata. Har da duwatsu ta jera mini ita a kan tabarma, ba kuskure. Mu kallo ɗaya muke yi mu ga layin duka. Ita kamar carbi take jan sa, ƙwaya bayan ƙwaya. In aka zare ɗaya, saura ya watse.

Na biyu, ranar Alhamis leburorinka suka fara haƙa, suka matsar da katakon taku huɗu. Da ta iso, wani daga cikinsu ya ɗauke ta cak ya tsallakar da ita, ya dire ta tana fuskantar wani wajen. Tausayi ne, ban zarge shi ba. Amma injin ya koma kunnenta na dama, gabas da yamma suka ɓace mata. Na tarar da ita tsugune, tsakaninta da bakin ramin bai fi taƙi ɗaya ba. Ramin ya kai ƙirjina, ga rodi an kakkafa a ciki, tsininsu na kallon sama.

Na uku, jan ƙyallen da kuka ɗaura gargaɗi ne ga masu ido. Damina kuma ta ƙarato, ramin zai cika. Na kuma ga an shafa wa darbejiyar jan fenti, an ce sare ta za a yi.

Tun ranar uwarta ta hana ta fita. Tana zaure tana jera duwatsunta, in ta zo kan dutsen da ke matsayin katako sai hannunta ya tsaya. Wannan ya fi ramin tsorata ni. Na tsufa, ba zan daɗe ina yi mata jagora ba. In tsoro ya zaunar da ita yanzu, anya za ta sake tashi?

Ranka ya daɗe, ba mu ƙi aiki ba, muna son kwata. Roƙona a kafa shingen katako har ƙasa, wanda hannu da ƙafa za su taɓa. Duk abin da za a matsar a gaya mini kwana ɗaya kafin, in bi da ita. Wanda ya gan ta ya yi mata magana, kada ya ɗauke ta. Darbejiyar kuwa in da hali a bar ta. Allah ya sa ka gama aikinka lafiya, ya raya maka zuri'a.

Uwarta ta yarda Hajara ta sake gwadawa ranar Asabar da hantsi, ni da maƙwabta za mu jeru a bakin ramin. Ka zo, ka taho da leburorinka, har da wanda ya ɗauke ta. Duk wanda ya karanta wannan ma ya zo ya gani. Sai dai a ranar a yi shiru, kada a kira sunanta. Da kunne take duba hanya.

Wassalam.
Malam Ilu mai gyaran keke, Unguwar Shanu, Kaduna.